Lemon da Sewuese Ta Fere

Duk wanda ya san tashar motocin Makurɗi a Lafiya ya san Sewuese mai lemo. Mace ce mai hannu, kafin ka gama ciniki ta fere maka lemo da reza, ɓawon ya sauko zare ɗaya bai tsinke ba. Baki ma tana da shi, ba a kayar da ita a gardama. Amma ranar da zazzaɓin cizon sauro ya tsayar da ƙodar 'yarta Seember, bakin nan ya mutu murus.

Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura har idanu suka shige. Ƙaramin asibitin da aka kai ta ba shi da injin wankin ƙoda, sai Jos ko Abuja, kuma Likita Muntaka ya ce hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Sai ya yi abin da ya iya: ya huda cikinta ƙasa da cibiya, ya zura siririyar roba. A ɗura ruwan magani mai ɗumi, a bar shi ya tsotse dattin jini, a buɗe ya zubo a jarka, a sake ɗurawa. Haka za a yi ta yi ba dare ba rana, da wuta ko babu, har Allah ya sa ƙodar ta farka.

Sista Talatu, nas ɗin ɗakin, ta kafa doka. "Maman Seember, ruwa sai wanda na auna a murfin nan. Ban da lemo, ban da ayaba. Akwai wani gishiri a cikinsu da ƙoda ce ke fitar da shi. In ya taru, zuciya yake tsayarwa."

"Na ji, Sista. Ba zan ba shi komai ba."

Ta ji ɗin kuwa, babu abin da ya shige mata duhu. To amma wa ke zuwa dubiya hannu rabbana? Matan tasha da 'yan cocinsu na Agyaragu suka riƙa zuwa, kowa da ledar lemo da ayaba, aka tara a ƙarƙashin gado. Ƙamshi ya cika ɗakin. Seember, wadda ta tashi a tasha har Hausa ta fi yarensu na Tibi zama a bakinta, leɓɓanta duk sun tsage. "Mama, ƙishi," take cewa, ta sake cewa. A tarbiyyar Sewuese kuwa, ko baƙon da ba ka so sai ka miƙa masa ruwa, balle ɗan cikinka yana kwance.

Wata rana da azahar Sista ta fita ɗumama ledar ruwan magani. Sewuese ta zaɓi ƙaramin lemo, ta fere, ta yanke kansa. Yarinya ta tsotse shi tas, ta yi murmushin da rabonta da shi tun a gida.

"Kar ki faɗa wa kowa, kin ji?"

Seember ta gyaɗa kai.

Washegari ta ƙara mata, wannan karon guda biyu. Ta riƙa lallashin zuciyarta da cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Me ya sa mutane suka kawo? Ta san dai ƙarya take yi wa kanta.

A rana ta uku da safe Seember ta kasa ɗaga hannu. Likita ya riƙe wuyan hannunta, fuskarsa ta canza. Bugun zuciya na tsallake-tsallake.

"Me ya shiga bakinta?"

Sista ta rantse ba ta wuce awo ba. Sai ya juya kanta da faɗa, wai ta yi sakaci ta tsallake ɗuri. Matar da ta kwana biyu ba ta ga gidanta ba ta tsaya tana haɗiye hawaye, Sewuese kuma na tsaye kamar an dasa ta.

Likita ya sunkuya kan gadon. "Seember, 'yar kirki, kin sha wani abu?"

Yarinyar ta juya kumburarrun idanunta, ta nemo uwarta, ta dube ta. Sannan ta girgiza kai.

Nan Sewuese ta zube ƙasa. "Likita, ni ne! Lemo na ba shi, tun shekaranjiya. Sista bai sani ba."

Babu wanda ya zage ta, da ma sun zage ta da ta fi jin sauƙi. Likita ya yi kiran allura, aka ƙara saurin ɗuri da zubarwa. Sista Talatu na ta kai da kawowa, in ta zo daidai inda Sewuese ke durƙushe sai ta kewaye ta.

Sai da la'asar bugun ya daidaita. Likita ya ce ta tsallake wannan, amma an koma baya, kuma bai yi wa kowa alkawari ba. Sewuese ta matsa bakin gado, ta kasa ko taɓa 'yarta. Can Seember ta buɗe ido, ta ga fuskar uwarta jiƙe, sai tsoro ya kama ta.

"Mama, kar ki yi fushi," ta ce a hankali. "Ba ni na faɗa ba."