Wane Ja Daga Ciki?

Tanimu mai gyaran rediyo ya daɗe yana ɓoye wa Tawa kaf cewa idanunsa sun fara cin amanarsa. Babban abu yana ganinsa sarai. Ƴan mitsi-mitsin nan ne na cikin rediyo masu kama da ƙwayar shinkafa, da ake kira rezistans, suka zame masa ƙarfen ƙafa. Kowace tana da zobba masu launi a jikinta, kowane launi kuma lamba ce: ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, ruwan goro uku, haka har zuwa fari. A da kallo ɗaya yake yi ya faɗi ƙarfinta. Yanzu zobban sun narke cikin juna, sai ya koma aunawa da mita, yana cika masu kaya da surutu don kada su lura. Tsoronsa ɗaya ne, ranar da aka gane zai rufe rumfa, shi kuwa ban da wannan sana'a ko ɗaure akuya bai iya ba.

Wata Lahadi sai ga Yunusu, wani mai lambu daga Kalfu, rungume da akwatin da ke sarrafa famfonsa na sola.

"Malam Tanimu, albasata na jin ƙishirwa. In ba ta sha ruwa cikin satin ga ba, ta tahi."

Tanimu ya buɗe akwatin, hancinsa ya kai shi wurin kafin idonsa. Wata rezistans ce ta ƙone, ta tsage ta gefe. Matsalar ita ce, mita ba ta auna matacciya, dole a karanta zobbanta. Ya ce wa Yunusu ya zagaya kasuwa, shi kuma ya ciro ta ya nufi gida da tsakar rana.

Ya tarar da matarsa Kulu a inuwa tana ɗinkin hula, zaruruwa zube a cinyarta.

"Duba min launin zobban ga. Na mance tabarau rumhwa."

Tabarau ɗin yana saƙale a goshinsa. Kulu ta dube shi, ta dubi goshin. Ta ɗaga ƴar abar zuwa haske.

"Ja, ja, ja. Sai ruwan zinariya can gehe."

Biyu, biyu, da sifiri biyu, don zobe na uku yawan sifiri yake nunawa, wato dubu biyu da ɗari biyu. Ya koma da sauri, ya auno sabuwa, ya liƙa ta da dalma, ya jona akwatin da farantin sola. Fitilar akwatin ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Ya sake jonawa, haka dai. Yunusu da ya riga ya dawo yana zaune a benci yana kallonsa.

Tanimu ya sake komawa gida, wannan karon ƙafarsa da nauyi. Ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo.

"Kulu, aikin ga ya ƙare min. Idona ba shi ganin launi, ga shi lissahin ma ya gudu."

"Idon dai na sani," in ji ta, ba ta ko daina ɗinki ba. "Tun ranar da ka yaba koren zanena, alhali shuɗi na ɗaura."

Kunya ta kama shi, har da ɗan haushi. Ashe duk wannan ɓoyo shi kaɗai yake wahalar da kansa.

"Amma lissahi ban yarda ba. Mi ka tambaye ni? Launi. Na ce maka ja, kuma ja na. Ba ka ce wane ja ba."

To, a nan gizo ke saƙar. Jan Bahaushe ai faɗi gare shi kamar filin idi. Sa ja ne, ƙasa ja ce, mutum ma in ya ɗan yi haske ja ne, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara. Wanda ya ƙirƙiro zobban nan kuwa bai yi shawara da mu ba, ya raba janmu gida uku ya ba kowane lambarsa.

Kulu ta karɓi ƙonanniyar, ta zaro zare uku daga cinyarta, ta jera su kusa da zobban.

"Na hwarko jan ƙasa. Na biyu ja sosai, irin na barkono. Na ukku jan goro, wanda anka tauna."

Tanimu ya miƙe zumbur. Ɗaya, biyu, da sifiri uku. Dubu goma sha biyu! Lissafinsa na nan daram, bai je ko'ina ba. Sai da ya ji ƙwalla na neman zubo masa.

"Ɗauko hijabinki."

"In kai shi ina?"

"Rumhwa. Ki ɗauko zaren ma."

A rumfa ya zube mata gwangwanin rezistans a faranti, ta shiga tsinta kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Ta miƙo guda, mita ta gaskata ta. Hannun Tanimu dai bai taɓa ba shi kunya ba. Ya liƙa, ya jona. Fitilar ta kama, ta tsaya kyam.

Yunusu ya yi hamdala da ƙarfi, har mai shayi na maƙwabta ya leƙo.

"Ni dai na san in Malam Tanimu ya sa ido ga abu, an gama."

Tanimu ya buɗe baki zai amsa yabon yadda ya saba, sai ya fasa. Ya jawo kujerar da ta fi kyau a rumfar, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya ajiye ta daf da teburin aiki, inda haske ya fi faɗowa.

"Ga idon nan," in ji shi. "Gobe ma nan za ka iske ta."

Kulu ta zauna, ta ci gaba da ɗinkinta.

"In ka yi tambaya daidai," ta ce.