Kwakwar Arcesio

Duk shekara, a watan da ta haifi ɗanta, Doña Eduviges takan sauko daga kwalekwale da tsohuwar jakarta, ta kama tanti a sansaninmu na bakin teku kamar wata baƙuwa. Baƙuwa fa! Matar da aka haifa a kan yashin nan tun kafin a tashi ƙauyensu a mai da wurin gandun daji. Ni ce mai girki a sansanin, mijina Baudilio kuwa shi ke hawa bishiyoyi yana sauke kwakwa don kada ta fasa wa masu tanti kai.

Wuri ɗaya take kafa tantinta, gindin doguwar kwakwar da ke dab da ruwa. A nan ta binne cibiyar ɗanta Arcesio tare da kwakwa mai tsiro, yadda iyayenmu ke yi, bishiya da yaro suka tashi tare. Arcesio ya fita kamun kifi wata safiya, shekaru da yawa ke nan, har yau ba a sake ganinsa ba, shi da kwalekwalensa. Matan unguwa sun yi ta lallaɓa ta a shimfiɗa farin ƙyalle, a kunna kyandir, a yi masa waƙoƙin rakiyar mamaci na kwana tara, ta ƙi fur.

"Ku je ku dubi bishiyarsa," take cewa. "Mataccen mutum ne ke 'ya'ya haka?"

Bana teku ya cinye yashin gindin, saiwoyi suka fito fili, bishiyar ta karkato kan tantuna. Wilfrido, ma'aikacin gandun, ya same ni ina kankare kwakwa ya ce sai an sare bishiyar.

Na ce, "Ka sare wa? Kai da ka zo jiya-jiya daga birni, ka san ko ta wane ce?"

"Na sani, Mama Nelsy. Idan ta faɗo wa 'yar wani cikin tanti, ke za ki je ki gaya wa uwarta?"

Na yi masa tas, har da abin da bai dace ba, amma a raina na san gaskiyarsa. Baudilio ya ɗaura wa bishiyar igiya ya ja ya ɗaure a wata bishiyar. Igiyar ba ta yi sati ba iska ta tsinke ta. Ranar da aka sa zarto na shige kicin na ƙara wa rediyo murya, duk da haka sai da na ji faɗuwarta a ƙafafuna.

Bayan an sare ta, Doña Eduviges ta iso da hantsi, ruwa ya janye. Na taro ta tun daga bakin kwalekwale, ina ta surutun banza, ya hanya, ya gwiwa, ga kifi na soya. Ba ta ko dube ni ba. Idonta na can sama, inda kan bishiyar ya saba tsayawa.

Ta taka har wurin. Wasu samari baƙi sun shanya rigunan wankansu a kan kututturen. Na kwashe na watsa musu, na ce su ɓace min da gani. Ita kuwa ta zauna a yashi, ta dafa kututturen da tafin hannu kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.

"Ta bushe ne, Nelsy?"

"A'a, Mama. Da 'ya'yanta ta faɗi. Teku ne ya ci gindin."

"Teku," ta ce. "Shi ɗin dai."

Baudilio ya matso da hula a hannu, ya ce ya ajiye mata kwakwa ɗaya mai tsiro, ko za ta dasa can nesa da ruwa. Ta girgiza kai.

"Da cibiyar wa zan dasa ta, ɗana?"

Ni da ba na kuka a gaban mutane, sai ga ni ina yi har da majina. Ta jawo jakarta, wadda ban taɓa ganin ta bar wani ya ɗauka ba, ta cire kayan sawarta na sama. A can ƙasa akwai farin ƙyalle a ninke, ninkin har ya yi rawaya, da kyandirori da zafi ya lanƙwasa su. Ashe duk shekarun nan da su take zuwa, da su take komawa.

"Aika a kira min matan," ta ce. "Ki ce su zo da muryoyinsu. Arcesio ya rasu."