Masu Tafiya da Gwiwa

"Kwana ɗaya ne fa, Yaya. Gobe mota ta kwashe su zuwa mahauta."

"Ba za su taka garkena ba, Mamuda. Ba ka ji warin ƙafafunsu ba?"

Kawu Mamuda, ƙanen Inna, da ya zo da 'yan ragunan da ya saro, ya ce duk ɗan ragon da ya shiga kasuwar dabbobi a daminar nan da ruɓaɓɓen kofato yake fita, kuma mahauci ba ƙafa yake saya ba. Inna ta ce tumakinta su kaɗai Baba ya bar mana, in ciwon ya kama su mun tashi a tutar babu. Ni ina kwance a rumfa, zazzaɓi ya danne ni. Na so in sa baki. Idona ya rufe.

Sai ga ni a wata hanya ta taɓo, cike da 'yan raguna, duk da gwiwa suke tafiya. Wani tsohon rago sanye da hular Baba ya tsaya gabana. Na ce ya nuna mini masu lafiya in ware su. Ya ce in ɗaga in gani. Na ɗaga ƙafa ɗaya, tsakanin kofaton ya buɗe kamar baki, ya huro mini ɗoyi. Na gaba ma haka. Na yi ta ɗagawa har hannuna ya yi laushi kamar dafaffen rogo.

Na ce, "Wa ya fara kawo ciwon nan?"

Taɓon ne ya amsa daga ƙarƙashina: "Ba na tambaya. Na gaba ya bar mini, na baya ya ɗauka."

Hanyar ta zama bayan mota, motar ta zama mahauta. Wuƙa na rataye ita kaɗai, ta ce ita wuya ta sani, ba ta taɓa duban ƙasa ba. Kofatai suka zube gefe, suka miƙe ba gangar jiki, suka kama hanyar gidanmu. Na bi su da gudu, na nutse har cinya. Na kira ragon. Ya ce shi ma ɗauko shi aka yi.

Kukan raguna ya farkar da ni. Yayyafi ake. Kawu ya riga ya zuba su a garken, yana ɗaure kyaure. Inna na tsaye a tsakar gida riƙe da igiyar tumakinta, ruwan garken yana gangarowa wajen ƙafafunsu.

Ta dubi Kawu, ta dube ni.

"To yanzu ina zan tsayar da su?"