Wuƙar Takaba a Ƙofar Kamfani

Ba a ko share makokin Malam Muttaka ba saƙo ya shigo wayar matarsa Khalida. Wai tallafin hayar da ake biya musu da sunan mamaci yake, sai ta zo da kanta ofishin kamfani a unguwar Kudai ta dangwala yatsa kafin wata ya mutu, in ba haka ba a rufe. Mai gidan da suke haya a unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, kuwa mutumin kirki ne, muddin haya na shiga hannunsa. Ba tallafi, ba ɗaki. Khalida ta san wannan kamar yunwar cikinta.

Da can, lokacin da aikin ke hannun baladiyya, wato hukumar gari, in mace na takaba sai mai unguwa ya rako ma'aikaci har ƙofa, a yi ta'aziyya, a sha shayi, a gama. Sai aka ce ɓata lokaci ne, aka miƙa wa wani kamfani da aka ce ya iya sauri. Kowa ya yaba. Khalida, da ta tsufa tana koyar da 'yan mata lissafi, ta ce ita in ta ga ana gudu, wanda aka bari a baya take fara nema.

Ta buga waya ta yi bayani. Wata murya mai zaƙi ta ce, "Ma'alesh ya khala," wato yi haƙuri inna, "ba ma zuwa gida." Baladiyya ta ce aiki na kamfani ne. Kamfani ya ce doka ta baladiyya ce.

Da ta ɗauko abayarta, Yaya Rabi'atu, yayar marigayin da ta zo taya ta zama, ta dafe ƙirji.

"Mai takaba a titi? Ƙasar kabarin ƙanena ko bushewa ba ta yi ba!"

"Yaya, malamai ma sun ce lalura na fitar da mace. In ban fita yau da ƙafata ba, wata mai kamawa a fitar da mu da katifunmu."

Tsohuwa ta miƙe. Ta shiga kicin ta ɗauko 'yar wuƙar yankan albasa, ta naɗe a hankici. A wurin iyayensu, in ji ta, mai takaba ba ta tsallake dokin ƙofa ba ƙarfe a jikinta, don kada mamaci ya biyo ta.

Khalida ta ce, "Muttaka da ransa ma bai taɓa raka ni kasuwar Mansur ba. Sai yanzu zai samu ƙafa?"

"Ki yi dariyarki. Amma ki yi mini alkawari ba za ki ajiye ta ba sai kin dawo ɗakin nan."

Ta dubi idon tsohuwar da kuka ya kumbura, ta yi alkawari. Suka tari tasi su biyu.

A bakin ofishin akwai ƙofar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe. Khalida na ratsawa ta ɗauki kuka. Mai gadi, wani dogo da aka rubuta sunansa Turki a ƙirjinsa, ya ce ta buɗe jaka. Ya warware hankicin, ya ja da baya.

"Wuƙa? Haramun ne a nan, ya Hajja! Sa ta a kwandon can, ki shiga."

Abu mai sauƙi. Ita kanta ba ta yarda wuƙar albasa na korar komai ba, ko kyankyaso. Hannunta har ya nufi kwandon. Sai ta ji numfashin Yaya Rabi'atu a bayanta, ta tuna an riga an fito da ita daga ɗakin mijinta a kwanakin da ko maƙiyi ke ɗaga wa mace ƙafa. Zaman ɗakin ta bayar. Alkawarin wuƙar kuma a'a.

"Ba zan ajiye ba."

"To ba shiga."

"To ba tafiya."

Ta janyo kujerar Turki ta zauna a tsakiyar ƙofa, wuƙa a naɗe a cinya. Layi ya fara taruwa. Turki ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, amma ya gaya musu su zo da albasa, kada su yi zuwan banza. Mata a layi suka tuntsire. Wani dattijo mai sandar ƙarfe ya tambaya ko shi ma ƙafarsa zai ajiye a kwandon.

Hayaniya ta fito da wata ma'aikaciya, Manar. Kallo ɗaya Khalida ta yi mata ta san jikar Hausawa ce, irin waɗanda Hausa ta rage musu a kunne kawai.

"Ya khala, don Allah, minti biyu ne fa. Ki ba ni in riƙe miki."

"Ke ma mijinki ya rasu?"

"A'uzu billahi! Ko auren ban yi ba."

"To ba taki ba ce. Ni takaba nake. Kun ce in zo, na zo. Ga ni, ga yatsana. Na'urarku da ƙusa aka kafe ta?"

Manar ta leƙa ciki, inda shugabanta ke kallon layin da ya kai bakin titi, yana kallon agogo. Kamfanin da aka ɗauka don sauri ba ya son a ga layi a ƙofarsa. Ya kaɗa mata hannu da fushi.

Ta dawo da 'yar na'ura, ta durƙusa a gaban kujerar. Khalida ta mai da wuƙar hannun hagu, ta miƙa na dama. Fitila ta kawo kore.

"An karɓa, ya khala. Tallafin ya koma sunanki." Sannan da Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Allah ya ji ƙan shi."

"Amin. Gaishe da mutan gida."

Ta miƙe, ta tura wa Turki kujerarsa da ƙafa, ta kama hannun tsohuwa.

"Yaya, ɗaga ƙafa. Magariba a ɗakina za ta same ni."