Doguwa da Gajeruwa

Baba Mai Hoto ya naɗe igiyar kyamara a wuyan hannunsa sau biyu, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ɗauke numfashi, sannan ya danna. Daga ƙofar shagon yake harin allon wani mai facin taya da ke tsallaken titi.

"Wannan ita ce doguwar, Baba," in ji mai shagon, wata matashiya mai tabarau. "Saba'in zuwa ɗari uku. Ga shi a rubuce a jikin gilashin da na ɗaura wa kyamarar."

"Ni ban san rubutu ba, 'yata, nauyi na sani. Shekara arba'in da bakwai ina wannan sana'a. Gobara ta cinye shagona, na fito da kyamara a hammata. Mota ta kife da mu a kan gada, aka kwashe kowa a kwance, ni na miƙe na ɗauki hoton motar."

"To, mu ga wanda ka ɗauka."

Bai ba ta ba. Ya juya mata baya ya leƙa. Rubutun mai faci ya fito biyu-biyu, kamar an shafe shi da yatsa tun fenti bai bushe ba. Hoto na huɗu ke nan da ya fito haka.

Gobe da safe jikarsa za ta karɓi takardar gama makarantar jinya. Shi ya raine ta tun tana rarrafe. An ce iyaye a kujerun baya za su zauna, kuma sau ɗaya za a kira sunanta. Ta ƙi sa kanta a jerin mai hoton makaranta, ta cika ƙawayenta da cewa kakanta zai ɗauke ta. Tsohon gilashin kyamararsa kuwa ya tsage makon jiya. A gida ya ce bangaje shi aka yi. Babu wanda ya bangaje shi.

"Gilashin nan yana da ciwo," ya ce. "Sun daina yin na kirki."

Mai shagon ta karɓi kyamarar, ta ɗaga, ta danna sau ɗaya, ta leƙa. Ta ajiye a kan teburin shagon da fuskar hoton a sama, har tsatsar ƙusoshin allon ana gani. Baba ya tura hannunsa na dama cikin aljihu.

Nan wayarsa ta yi ƙara.

"Tsoho, ka samo?" muryar jikar ce. "Kar fa ka fito da ni kamar aljana, ƙawayena na jira."

"Ke tafi can, marar kunya. Ni da na ɗauki uwarki tana kuka ta fito kamar tana dariya?"

Da ya kashe, sai da ya yi sau biyu kafin wayar ta shiga aljihu.

Mai shagon ta kwance doguwar, ta ɗaura wata gajeruwa mai kauri. "Gwada wannan. Ka ga ɗan makunnin nan na gefe? In an tura shi, ko hannu ya motsa, hoto ba ya motsi."

"Na sani. Na masu karkarwa ne. Da bakina na yi wa abokan sana'a dariya a kansa."

"Ni ma da shi nake aiki, Baba."

Ya san ƙarya take yi, ya kuma ji daɗin ƙaryar. Ya ɗaga ya danna. Hoton ya fito tas, sai dai allon mai faci ya koma ɗan mitsitsi a tsakiyar titi.

"Matsalarta ke nan," ta ce. "Daga kujerar baya, jikarka za ta fito kamar ƙuda a faranti. Doguwa ta kai, amma tana son hannu. Gajeruwa tana son ƙafa."

Ya dubi doguwar a kan teburin. Da ita zai zauna a kujerarsa da mutuncinsa, ba wanda zai san komai sai an buɗe hoton. Da gajeruwa kuwa sai ya tashi a gaban ɗaruruwan mutane, ya ratsa tsakiyar zaure da wannan gwiwar tasa, wataƙila wani mai gadi sa'an jikarsa ya tare shi ya ce, "Koma ka zauna, tsoho."

"Tsaya can bakin ƙofa," ya ce mata.

Ta tsaya. Ya yi ta ja da baya yana leƙawa, har fuskarta ta cika idon kyamara daidai yadda yake so. Sai ya tako zuwa gare ta yana ƙirgawa a hankali. Taku tara.

"Taku tara daga dandamali," ya ce. "Ni da na shiga wuta, mai gadi ne zai hana ni taku tara? Sa min gajeruwar a jaka."

Ta ɗauko jakar. Ya dafa hannunta, ya waiga ko akwai wani a shagon.

"Tura makunnin tukuna, 'yata. In kina da baƙin salatif, ki rufe min shi."