Ganyen da Ƙwaro Ya Ƙi

"Ku matso, ga ta nan ta iso."

"Ta zauna mu ji ta."

Inna tana duƙe a filin bayan tasha, tana tsinkar ganyen miya tana zubawa a bakin zane, sai ta ji wurin ya yi mata shiru. Motoci dai na ta ƙugi, 'yan kamasho na kiran fasinja, amma a cikin ciyawar ko fara ɗaya ba ta yi tsalle ba.

Filin nan, 'ya'yana, babu mai takardarsa. Namiji in ya wuce, ciyawa kawai yake gani. Matan unguwa kuwa sun san kowane lungunsa, har da dokarsu: ba a tumɓuke saiwa, kuma in akwai maijego, ita ake bar wa gefen magudanar ruwa, inda ganye ya fi taushi. A wannan makon surukar Inna ce maijegon.

Maƙwabciyar Inna mai kitso ta ɗago daga can gefe, kwanonta ya cika taf.

"Inna, kin ga ganyen yau? Ko huda ɗaya babu, sai sheƙi kamar an shafa masa mai! Angon nan naki ya zo da goshi."

"Wane ango? Miji ba haƙori, sai kuka da tsotso," in ji Inna.

Suka yi dariya. Amma a hanyar gida tafin hannunta ya riƙa yi mata ƙaiƙayi, bakin zanen kuma yana wani wari mai ɗaci da ba ta san shi ba.

Ta wanke ganyen, ta yanka, ta ɗora tukunya. Daga ɗaki surukar ta ce, "Inna, ƙamshin nan zai kashe ni. Yaron nan ya tsotse ni tas."

"Yi haƙuri 'yar nan, yanzu zan sauke."

Tana cikin zubawa a kwano ɗanta ya yi sallama. Ya daɗe ba shi da aiki, sai ga shi da tankin feshi a baya da sababbin takalman roba. Ya jingine tankin a jikin bango. Warin ya bugi hancin Inna. Ta sunkuya ta shinshina bakin zanenta. Iri ɗaya ne.

"Kai, a ina aka samu aikin?"

"Wani kamfani ne, Inna. Za su gina ɗakin ajiyar kaya. Jiya da yamma muka fara."

"A ina?"

"Nan kusa ne," ya ce, yana ta fama da takalminsa.

Kwanon da ta zuba wa maijego Inna ta ɗauka, ta dire a gabansa.

"Fara ci. Kai ka sha rana."

Ya wanke hannu, ya miƙa, sai ya tsaya yana kallon miyar.

"Ina aka samo ganyen?"

"Inda muke samowa tun kana goye a bayana."

A hankali ya janye hannunsa, ya ɗora a gwiwa. Surukar ta leƙo daga ƙofa da jariri a kafaɗa.

"Me ka zuba wa filin?" Inna ta tambaya.

"Maganin ciyawa ne, aka haɗa da na ƙwari. Mai ƙarfi ne, sun ce ko akuya kada ta shiga." Muryarsa ta yi ƙasa. "Inna, a taron unguwa cewa aka yi filin banza ne, babu mai amfani da shi. Duk masu gida suna wurin."

"A cikinsu akwai wanda ya taɓa dafa miya?"

Can daga titi aka jiyo hayaniyar 'yan makaranta, an tashi. Inna ta tuna kwanon mai kitso, da 'ya'yanta da ke dawowa da yunwa. Ta ture tukunyar da ƙafa, ta fita ba mayafi ba takalmi, gida gida tana buga ƙofa.

"Kada ku ci! Ku zubar da miyar!"

A gidan mai kitso ta tarar da manyan yaran suna wanke hannu. Autar kuwa, da yake ba ta isa makaranta ba, tana zaune tana lashe kwano.

Autar ta kwanta a asibiti, ta dawo, amma har yau hannunta na rawa in ta ɗauki kofi. Mai kitso ba ta ƙara taka gidan Inna ba. Maijego da jaririnta lafiyarsu ƙalau. Ɗan ya mayar da tankin, kamfanin ya ba wani, aka ƙarasa feshin, aka kewaye filin da waya. Inna kuwa a kasuwa take sayen ganye yanzu. Sai ta juya shi ɗaya bayan ɗaya, masu sayarwa na yi mata dariya, don ba ta ɗaukar kowanne sai wanda ƙwaro ya riga ta ci.