Itace a Gonar Aro

Duk wanda ya ci miyar ugu a Kafanchan, da wuya ganyen bai fito daga hannun Nkolika ba. Gonarta tana bakin rafin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, 'yar fadama mai baƙar ƙasa, kuma ba tata ba ce. Aro ce. Tun tana amarya, lokacin da mijinta Ejike ke aikin reluwe, mahaifin Baba Meshak ya nuna musu wurin ya ce su ci abinci. Ejike ya rasu, jirgin ƙasa ya yi ta raguwa, 'ya'ya suka watse Inugu da Legas, ita kuwa tana nan duƙe cikin ganye fiye da shekara arba'in. Kowace shekara kwandon farko na gidan Baba Meshak ne, don a san ba ta manta mai wuri ba.

Sai rafin ya fara cin gonar. Masu gawayi sun sare itatuwan bakin ruwa, masu tifa sun kwashe yashi, don haka kowace damina sai gaɓa ta rufta. Bara layin kuɓewarta gaba ɗaya ya bi ruwa tana tsaye tana kallo.

A wannan hali Jacinta ta zo. 'Yar wani fasto ce daga Kwoi, tana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma ta yi shekaru a bakin teku wajen Kalaba tana dasa itatuwan da kifi ke ƙwai a ƙarƙashinsu. Wata Lahadi bayan sujada ta gaya wa zumuntar mata cewa ruwan rafin nan sai ya dangana da teku, kuma ƙasar da yake ɗiba a nan, can take zuwa ta binne gidan kifi. Nkolika ba ta da wata hulɗa da kifin Kalaba. Amma da ta ji an ce saiwar itace na riƙe gaɓa, ta gyara zama.

Abin da ba ta zata ba shi ne a fara da ita. Ta dawo daga kasuwa wata ranar, ta tarar da dashe a jere a bakin gonarta: gora, malmo, atili, kowanne da 'yar sandarsa. A ƙasar nan mai aro yana shuka abin da zai girbe kafin shekara ta zagayo, amma ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasa tasa ce, ko bakinsa bai faɗa ba.

Ta tsuguna ta tone su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe saiwar da ganyen ayaba, ta jera su a inuwa ta yayyafa musu ruwa. Jacinta ta zo ta mayar da su, ta ɗora laifin a kan yaran unguwa. Ban san a wace unguwa yara ke ɓarna suna naɗe ta da ganyen ayaba ba, amma mai ɗokin aiki ba ya tsayawa irin wannan lissafi. A karo na biyu Jacinta ta iske tsohuwar da fartanya a hannu tana tone su.

"Mama, ke ce? Ai domin ki muka yi."

"Na sani, yarinya na," in ji Nkolika. "Amma gona ba nawa ba ne. Na gidan Baba Meshak ne."

Jacinta ta san al'adar sarai, haka ake yi a Kwoi ma. Ta ce, "Na ɗauka taki ce. Tun ina yarinya nake jin ana cewa gonar Maman Chibuikem."

"Kowa ya ɗauka haka. Ni ne kawai ban ɗauka ba."

Jacinta ta ce to abu ya zo da sauƙi, a je a roƙi mai wuri ya dasa da hannunsa. A nan kuwa tsoron Nkolika yake. 'Ya'yan Baba Meshak sun girma, kowa na neman inda zai kafa bulo, fili ya yi tsada. Ta daɗe tana zargin cewa shiru ne ke riƙe da ita a gonar. Ranar da aka kira mai wuri ya zo ya duba wurinsa, ranar zai tuna yana da shi. Ga ɗanta Chibuikem kullum yana bugo waya daga Inugu yana cewa ta dawo gida, ita kuwa ba ta san yadda za ta gaya masa cewa a gida take ba.

Ta dubi gaɓar, ta ga sabuwar tsaga ta doshi layin ugu. Ta ce da Jacinta ta bari, ita za ta je da ƙafarta.

Baba Meshak ya saurare ta a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa har ta gama. Abin da ya ce kawai, "Zan zo Asabar." Kwanakin da suka biyo baya abinci bai yi mata daɗi ba.

Ran Asabar da hantsi ya zo, ba shi kaɗai ba. Ga 'ya'yansa maza, ga mai unguwa, ga dattawan coci. Nkolika ta san ba a tara shaidu don a gaisa. Ta yi addu'a a ranta Ubangiji ya ba ta ƙarfin yin godiya ko da an ce ta tashi.

Tsohon bai yi jawabi ba. 'Ya'yansa na haƙa, Jacinta na miƙo dashe, shi yana sawa a rami yana dannewa da tafin hannu, gwiwoyinsa na ƙara. Haka suka bi gaɓar har ya rage saura atili guda. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙa wa Nkolika.

"Madam, wannan ke za ki sa."

Ta mai da hannayenta baya. "Baba, ka san ban taɓa yi ba."

"Na sani. Shi ya sa na kira mutane." Ya juya wajen 'ya'yansa. "Ku ji da kunnen ku. Ƙasa namu ne, ita ma ba ta taɓa musu ba. Amma itacen nan nata ne, da 'ya'yan ta. Muddin yana tsaye, ba mai tare musu hanyar zuwa wurin sa, ba mai taɓa gonan da ke gefen sa."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce sun ji.

Nkolika ta dubi ɗan dashen, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Atili ba ya gaggawar haihuwa, ita kuma ta san shekarunta. "Ba zan ci 'ya'yan sa ba, Baba."

"Ni ma ba zan sha inuwan nawa ba," in ji shi. "Sa kawai."

Ta durƙusa. Jacinta ta tallafa mata ta sa ƙaramin itacen a rami. Ta tura ƙasa, ta danne, ta sake dannewa, tana kuka ba ta ɓoye ba, don murna ta yi mata yawa.

Da yamma Chibuikem ya bugo waya kamar kullum, ya tambaye ta yaushe za ta dawo gida.

"Kai za ka zo," in ji ta. "Ka kawo yara da Kirsimeti, su ga inda itacen su yake."